Maigida da Manaja

Sunan kuɗin ƙasarmu, sidi, daga bakin Tonawa da Fante aka ɗauko shi, kuma ma'anarsa wuri. Mu ma a Hausa haka abin yake, domin kuɗi jam'in wuri ne tun asali. Duk wanda ya tashi a Salaga kamar ni bai buƙatar a karanta masa wannan a littafi, saboda muna yara idan ruwan sama ya wanke ƙasa mukan tsinci wuri a bayan gidaje mu yi wasa da shi. Abin da kakanninmu suka yi tafiyar watanni suna nema, shi muke watsawa a ƙasa mu tashi mu bar shi.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin banki, mafi yawansu a Yandi da Bawku, kuma tambayar da ta fi bina a zango ita ce me ya sa banki ke karɓar kuɗinmu da fara'a amma in an zo neman rance sai fuska ta canja. Amsar tana da tsawo, kuma ba ta fara daga banki ba.

Kafin Bature ya kafa kanta ko ɗaya a wannan ƙasa, Salaga ce babbar kasuwar goro ta Gwanja. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, ayari guda da madugu da jagaba, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su zo su sayi goron da Tonawa ke kawowa daga kurmi. Har da mutane ake sayarwa a wannan kasuwa, kuma wurin cinikin bayin da rijiyoyinsa suna nan har yau, kada wani ya ɗauka tarihin nan duk abin alfahari ne. Falken da ya iso ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Sai ya sauka a gidan maigidansa. Maigida ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi goro bashi, ya kuma riƙe masa abin da ya rage har wata shekara. Ladansa la'ada ce da yake samu a kan ciniki.

Ranar da aka fara koya mana aikin banki a Ankara (haka mutanenmu ke kiran Accra, ba ta Turkiyya nake nufi ba), malamin ya rubuta a allo cewa banki yana karɓar ajiya, yana ba da rance, yana kai kuɗi daga hannu zuwa hannu. Na zauna ina kallon allon ina tuna kakana, wanda bai taɓa shiga makarantar boko ba amma ya yi waɗannan ukun duka a zaurensa. Har kai kuɗi wani gari yana yi ba tare da wuri ɗaya ya motsa ba: ya rubuta wasiƙa da ajami zuwa ga wani maigida a Kintampo ko Kete-Krachi, ya ce a ba wane kaza, za mu daidaita. Dole ce ta sa haka. Wuri 20,000 ne keso guda, kaya ne mai nauyi, kuma tun da jiragen Turawa suka fara jibge wurin Zanzibar a gaɓar teku a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta dinga faɗuwa har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama wahala marar riba.

Yadda maigida yake kare kansa daga hasara shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Ba shi da takardar fili da zai riƙe, ba shi da kotun da za ta bi masa bashi har Kano. Abin da yake da shi sani ne. Ya san uban falke, ya san madugun da ya zo da shi, ya san malamin da ya yi masa addu'ar tafiya. Wanda ya ci amana a Salaga, kafin ya isa gida labarinsa ya riga shi, kuma babu zauren da zai sake sauka daga nan har bakin Kwara. Wannan tsari ya yi aiki ƙwarai a kan mutum ɗaya mai niyyar cuta. Bai iya komai ba a kan abin da ya fi ƙarfin gari. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, hanyar goro ta karkata. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, gari ya watse, masu gida da baƙinsu suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Alhaji Umaru, malamin nan ɗan Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin a wannan lokaci. Amanar da aka bari a zauruka ta tafi tare da zaurukan.

Bankin Bature da ya zo bayan nan bai zo dominmu ba. Bank of British West Africa ya buɗe a Ankara a 1896, Colonial Bank ya biyo a 1917, wanda daga baya ya koma Barclays. Aikinsu shigo da kuɗin azurfa, riƙe asusun gwamnati, da yi wa kamfanonin koko da zinariya hidima. Arewa kuwa wurin ɗebo leburori ce. Yandi ma a lokacin ba ta hannun Ingilishi, tana ƙarƙashin Jamus har 1914. Bahaushen da ya fi shahara da shiga banki a wancan zamani shi ne Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ya yi fataucin goro a wannan ƙasa tamu, kuma labarin ya bazu cewa da aka buɗe reshen bankin a Kano a 1929 ya kai ajiyar azurfa a kan raƙuma ashirin. Ku lura, ajiya ya kai. Ƙorafin da 'yan kasuwar ƙasa suka daɗe suna yi, cewa bankunan Turawa ba sa ba su rance, shi ya sa aka kafa Bank of the Gold Coast a 1953. Da aka samu 'yanci a 1957 aka raba shi biyu, Babban Bankin Gana da Ghana Commercial Bank, kuma wannan na biyun ne ya ɗauki nauyin kai rassa garuruwan da Turawa ba su kula da su ba.

Tsofaffin zango suna da dalilansu na ƙin sakin jiki da banki, kuma ba jahilci ba ne kamar yadda wasu abokan aikina ke cewa. Na farko riba ce. Mutum ya ji wa'azi tun yana yaro, ba zai zo ya sa hannu a takardar da ke ɗauke da kuɗin ruwa da sanyin zuciya ba. Akwai dattawan da ke zuwa kanta su ce in cire musu abin da ya hau kan ajiyarsu, su kai wa almajirai ko a gyara makewayin masallaci, ba sa so ya gauraya da guminsu. Najeriya ta samu Jaiz tun 2012, mu kuwa an daɗe ana yi mana alkawarin irinsa. Sauran dalilan gwamnati ce ta ba su da hannunta. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa, mutanen da aka haifi wasunsu a nan suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A Maris 1979 aka canja takardun kuɗi: wanda ya kawo tsaba har sidi 5,000 a ba shi bakwai cikin goma, abin da ya haura a ba shi rabi, amma na cikin banki ba a taɓa shi ba. Mutane suka ce to, ashe banki ne mafaka. Shekara uku kacal bayan haka, a 1982, gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, ta kuma rufe duk asusun da ya haura sidi 50,000 sai mai shi ya zo ya yi bayanin inda ya samu. Wanda ya ɓoye a gida an yanka shi, wanda ya kai banki an tuhume shi. Wani Alhaji mai shanu ya taɓa ce mini, "Ɗana, ni na ga 79 na ga 82. Saniya dai ba a canja mata launi da dare."

Duk da haka suna kawo kuɗin, don ɓarawo da gobara da gara ba sa jiran kowa. A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci inda tsoron banki yake. Kuɗin da manaja ke bayarwa rance ba nasa ba ne, na mai koko ne da malamin makaranta da mai sayar da doya, kuma kowannensu yana da ikon zuwa gobe da safe ya ce a ba shi abinsa. Shi kuwa wanda aka ba rance sai bayan wata shida ko shekara zai dawo da shi. Banki yana rayuwa ne a kan cewa masu ajiya ba za su zo rana ɗaya ba. Saboda haka yake ware wani kaso a Babban Banki, yake riƙe tsaba a taska, kuma doka ta tilasta wa masu shi su zuba jarinsu, domin in bashi ya mutu a fara cin nasu kafin a taɓa na jama'a.

A Yandi na ga yadda wannan lissafi ke aiki a ƙasa. A arewa damina ɗaya ce. Idan ka ba manoma ɗari rance a Dagwamba, kamar mutum ɗaya ka ba, domin in ruwa ya ɗauke a watan da doya ke buƙatarsa, duka ɗarin za su zo maka da labari iri ɗaya. Ga kuma maganar jingina. Ƙasa a nan tana hannun sarakunan da ke zaune a kan fata, manomi yana noma gonar da kakansa ya noma amma ba shi da takardar da lauya zai karɓa. Gidan ƙasa a cikin unguwa kuwa, ko kotu ta ba ka, wa zai saya a zauna ana kallonsa a matsayin wanda ya fitar da maƙwabci? Sannan ga tashin hankali. Mutane ba su gama mance yaƙin 1994 ba, wanda ya taɓa Yandi da Bimbila da Salaga, sai ga Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu. Aka sa dokar ta-ɓaci da hana fita, ta yi sama da shekara biyu. Takarda ta zo mana daga hedikwata cewa a dakatar da sabon rance sai ga ma'aikacin gwamnati da albashinsa ke biyowa ta wurinmu. Ajiya kuwa ba a ce a dakatar ba. Motar kuɗi takan zo da rakiyar 'yan sanda ta kwashe abin da ya taru ta yi kudu da shi.

Wata Hajiya da ta shekara fiye da goma tana ajiya a wurinmu, mai kai doya Ankara, ta zo neman abin da za ta cika mota biyu. Na san gidanta, na san ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba, duk kasuwa ta sani. Na rubuta haka a takardarta. Aka dawo da ita da layi ɗaya: babu jingina.

Ta ce, "Ɗan nan, kuɗina da ke wurinku, wace jingina kuka ba ni?"

Na ce, "Hajiya, lasisin gwamnati ne jinginarmu."

Ta yi dariya, ta gyara mayafinta. A ranar ta samu kuɗin a wurin wani maigida a kasuwar doya, da baki kawai.

Ba na cewa hedikwata ba ta da hujja. Manajan da aka sake wa hannu ya ba wanda ya ga dama, wata rana zai ba surukinsa, kuma an ga irin haka. An ƙirƙiro takarda ne don kada amana ta dogara da halin mutum ɗaya. Amma takardar da aka tsara a Ankara ba ta da gurbin da za a rubuta abin da maigida ya sani. Bankunan karkara, waɗanda aka fara a Agona Nyakrom a 1976, an kafa su ne don su cike wannan gurbi, mutanen gari su sa jari su ba na gari rance. Sun taimaka, sai dai jarinsu ƙarami ne, kuma fari ɗaya ko rikici ɗaya yana iya girgiza su tun da duk ƙwansu a gari ɗaya yake.

Bawku wata duniya ce. Gari ne na kan iyaka, Burkina a arewa, Togo a gabas, kasuwa tana ci duk bayan kwana uku. Ɗan kasuwar Bawku yana tunani da kuɗi biyu, sidi da sefa. Ya sayo shanu ko albasa da sefa ya sayar da sidi, in sidi ya faɗi tsakanin saye da sayarwa, ribarsa ta tafi ko da bai yi kuskuren komai ba. 'Yan canjin bakin tasha sun fi mu sanin farashin safiya, kuma da yawa daga manyan 'yan kasuwa sefa suke ɓoyewa saboda an ɗaure ta da kuɗin Turai. Ina can a Yuli 2007 lokacin da aka yanke sifili huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi 1. Mun sha wahalar rantsuwa ga tsofaffi cewa wannan karon ba za a zaftare komai ba. Wasu sai da suka aiko yaro da kaɗan tukuna, suka ƙirga abin da ya dawo da shi, sannan suka fito da buhunan. A ƙarshen wannan shekarar rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi, muka koma rufe kanta da wuri don kowa ya isa gida kafin dokar hana fita. Tun daga ƙarshen 2021 abin ya dawo da zafi, ma'aikata da yawa sun bar garin, kuma ɗan kasuwar da ya rage yana ruwan neman wanda zai ba shi rance.

To, da wannan taka-tsantsan duka, sai mutum ya zaci bankunan Gana ba za su taɓa faɗuwa ba. Ranar 14 ga Agusta 2017 Babban Banki ya ƙwace lasisin UT Bank da Capital Bank, ya miƙa ajiyar mutane ga GCB. Ranar 1 ga Agusta 2018 ya haɗe guda biyar, uniBank da Royal da Beige da Sovereign da Construction, ya mai da su Consolidated Bank Ghana. Game da uniBank, Babban Banki ya ce masu hannun jari da kamfanonin da ke da alaƙa da su sun ɗebi sidi biliyan 5.3, wajen kashi 75 cikin ɗari na dukiyar bankin. Wanda ya kafa Capital Bank kotu ta ɗaure shi shekara 15 a 2023. Aka ɗaga mafi ƙarancin jari daga sidi miliyan 120 zuwa miliyan 400. A Mayu 2019 aka rufe ƙananan cibiyoyin ba da rance 347 a rana ɗaya, kuma irin waɗannan ne suka fi kusa da talakan arewa, su ne masu zuwa rumfa-rumfa suna karɓar adashi. Gyaran ya ci wa ƙasa fiye da sidi biliyan 20 daga harajin kowa, har da Hajiya mai doya.

Na bi bayanan da aka fitar a lokacin ɗaya bayan ɗaya. Ban ga inda aka ce manomin Yandi ko mai albasar Bawku ne ya karya banki ba. Doka ta hana a ba mutum ɗaya fiye da kashi 25 cikin ɗari na jarin banki ko da ya kawo jingina, amma waɗanda ke zaune a saman bene sun san yadda ake raba mutum ɗaya ya zama kamfani goma. Takardar da ta hana Hajiya mota biyu ba ta hana su komai ba.

Saura kuma wanda aka koya mana cewa shi ne bashi marar haɗari, wato bashin gwamnati. Shekaru da yawa hanya mafi sauƙi ga banki ita ce ya tara ajiyar jama'a ya sayi takardun lamunin gwamnati, ya zauna yana karɓar ruwa mai kauri ba tare da ya taka gonar kowa ba. A lissafin da muke yi, ba a ma ware wa irin wannan bashi jarin kariya. A Disamba 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta fito ta ce ba za ta iya biya yadda ta yi alkawari ba, a kawo tsofaffin takardu a karɓi sababbi masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. Bankuna da yawa suka rufe shekarar da hasara. 'Yan fansho suka yi ta zaman dirshan a gaban Ma'aikatar Kuɗi. Babban mai cin bashin da bai kawo jingina ba, kuma ba a tambaye shi ba, shi ne ya kasa.

Yanzu akwai hukumar inshorar ajiya, wadda aka yi dokarta a 2016 ta fara aiki a 2019. Da ta fara, abin da ta ɗauki alkawarin biya in banki ya rushe shi ne sidi 6,250 ga kowane mai ajiya, na ƙananan cibiyoyi kuwa 1,250. Ga malamin firamare wannan wani abu ne. Ga mai cika mota da shanu, bai kai kuɗin bijimi ɗaya mai kyau ba. Yana da kyau mutum ya san wannan adadi kafin ya tara komai nasa wuri ɗaya, kuma ya tambayi ko wurin da yake kai kuɗinsa yana da lasisin karɓar ajiya, domin masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata uku ba su ƙare ba tun zamanin DKM.

Aikin kai kuɗi daga gari zuwa gari kuwa waya ta ƙwace shi. Tun da MTN ta kawo Momo a 2009, yaron da ke zaune ƙarƙashin lema a tashar Salaga yana yin abin da reshe guda ke yi da, kuma ba sai an jira jirgin ruwan Makango ya tsallaka tafkin Volta da jakar kuɗi ba. Har rance wayar ke bayarwa, kaɗan-kaɗan, tana duba yadda kuɗi ke shiga da fita a layinka ta yanke hukunci cikin minti ɗaya. Na kan ce a raina wannan ma wani irin sani ne, ko da yake ba ta san ubanka ba.

Babban rance dai har yanzu yana inda yake. Ka je kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021, ko kasuwar shanu a Kumasi. Mota za ta iso daga Bawku ko daga Galmi ta Nijar, mai kaya ya sauka a wurin maigidansa. Maigida ya raba buhunan ga mata masu sayarwa bashi, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya tsaya wa kowacce. In wata ta gudu, shi zai biya daga aljihunsa. Bayan kwana biyar ko mako ya tattara kuɗin ya cire la'adarsa, sauran ya tura wa mai kaya ta waya, ko ya sa yaro ya kai banki a zuba a asusunsa.